Yaron Da Aka Ce Ya Warke

Ƙasar Gobir ba baƙuwar raunin kai ba ce. Mayaƙan da suka tsare Alƙalawa har ta faɗi a 1808, da waɗanda suka kafa Sabon Birni daga baya, sun san abin da kulki da takobi ke yi wa ƙoƙon kai, shi ya sa barde yake shiga fage da kwalkwali. Amma raunin da nake so mu waiwaya a kansa ba na barde ba ne. Na yaron da bai kai shekara shida ba ne: wanda ya suɓuce daga bayan yayarsa, ita ma ba ta wuce takwas ba, wanda jaki ya harba a bakin rijiya, wanda ya faɗo daga amalanke ana dawowa daga fadama, wanda katangar laka ta rufto masa cikin ruwan Agusta. Irin wannan yaro in ya rasu, kowa ya san ajalinsa. In kuwa ya rayu, ba a cika komawa kan maganar ba.

A zamanin kakanninmu, a ƙauyukan da ke tsakanin Isa da Sabon Birni, hanyar da ake bi sananniya ce. A tsayar da jini, wanzami ya aske gurin ya duba zurfin rotsen, in ana zargin ƙashi ya taɓu a kira maɗori ya lalluba, malam ya yi tofi ya ba da rubutu. Daga nan sai jira. Idan yaro ya buɗe ido ya gane uwarsa, ya kama nono ko ya karɓi kunu, bayan kwanaki ya miƙe ya bi sa'o'insa wasa, to magana ta ƙare, sai 'yan barka da arziki. Ba na ganin laifinsu. Ba su da hanyar leƙa cikin ƙoƙon kai, kuma likitocin Turai ma ba su fara ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar mai rai da na'urar siti sikan ba sai a 1971, a Landan. Abin da idonsu ya gani kuma gaskiya ne: ƙashin yaro ɗanye ne, karayar da za ta kwantar da dattijo watanni, yaro kan tashi daga ita cikin 'yan makonni. Inda aka kauce shi ne da aka ɗauka abin da ke cikin ƙashin ma haka yake warkewa.

To ina yaron yake zuwa bayan ya girma? Rayuwar gandu ta tanadar masa gurbi, ko da ba don shi aka yi ta ba. A gandu maigida ne mai tsara komai: ranar shuka, gonar da za a fara nomewa, damin da za a sayar da wanda za a zuba a rumbu. Saurayin da kansa ba ya riƙe abu biyu a lokaci guda ba a buƙatar ya tsara komai. A ba shi kunyarsa ya bi bayan yayansa, ya kori tsuntsu a gonar gero, ya kai awaki kiwo ya dawo da su. In lokacin aure ya yi, sau da yawa a cikin dangi ake nema masa, inda aka san halinsa. Wannan rufin asiri ne na gaske, amma yana da farashi. Sunansa dolo ko gaɓo. In yana da saurin fushi a ce iska ta taɓa shi. In farfaɗiya ta biyo baya a raba masa ƙwarya, don ana ganin yawunsa na sa wa wani ciwon, alhali farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta kowace hanya. Tsakanin harbin jakin da halin da ya bayyana akwai shekara goma, ba wanda ya haɗa su.

Abin mamaki, masana a ƙasashen da ke da ɗakunan bincike sun daɗe a kan fahimta mai kama da tamu. A shekarun 1930 wata likita a Jami'ar Yale ta Amurka, Margaret Kennard, ta yi gwaji a kan birai: ta cire ɓangaren ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsin gaɓɓai daga jarirai da kuma manya, sai ta ga jariran sun fi dawo da motsinsu. Daga nan aka gina wata ƙa'ida da ta zaga littattafan likitanci, cewa in dai za a ji rauni a ƙwaƙwalwa gara a ji shi da ƙuruciya. Ita kanta Kennard ta lura cewa wasu naƙasun suna fitowa ne bayan biran sun girma, amma wannan ɓangare na aikinta bai yi farin jini ba. Wani masani ɗan Kanada, Donald Hebb, ya yi gargaɗi tun 1942 cewa raunin farkon rayuwa na iya fin na babba illa ga basira, domin babba yana da ilimin da ya riga ya tara, yaro kuwa da wannan ƙwaƙwalwar da ta taɓu zai tara nasa. An ji maganarsa, amma ɗayar ta fi daɗin faɗa wa iyaye.

A namu ɓangaren, abin da aka fara nema, kuma da hujja, shi ne ceton rai. Latunde Odeku ya buɗe sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na farko a Najeriya a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1962, amma ga mutumin Gatawa ko Turba, Ibadan da wata duniya duk ɗaya. A 1974 likitoci biyu a birnin Gilasgo, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fito da ma'aunin zurfin suma wanda ke duba buɗe ido, magana da motsi. A yadda ake aiki da shi yau maki ne daga 3 zuwa 15, kuma da shi ma'aikacin jinya a ƙaramin asibiti ke iya sanin wanda ba zai jira gobe ba. Daga baya Sakkwato ta samu cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, aikin da sunan Farfesa Bello Bala Shehu ke maƙale da shi. Wannan babban ci gaba ne. Yaron da jini ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kansa, wanda a da ba abin da ya rage sai a yi masa addu'a, yanzu ana iya buɗewa a kwashe jinin, muddin ya iso da wuri. Sharaɗin ne mai nauyi, don daga Isa ko Sabon Birni zuwa Sakkwato ya haura kilomita 120.

A daidai shekarun da asibiti ke ƙara ƙarfi, hanyoyin jin raunin su ma suka ƙaru. Bayan matsin tattalin arzikin da ya biyo shirin gwamnati na gyaran tattalin arziki na 1986, babur ya zama abin hawan talaka kuma sana'ar matasa, kabu-kabu ya shiga ko'ina. Kowa ya san yadda ake ɗaukar iyali a kansa: maigida a gaba, ƙaramin yaro a kan tanki, uwa a baya da goyo. In aka faɗi, kan jaririn da ke baya ba shi da komai tsakaninsa da ƙasa sai zane. Kan ƙaramin yaro kuma ya fi girma da nauyi in aka gwada da jikinsa, wuyansa bai yi ƙwari ba, don haka da kai yake sauka. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta tilasta sa hular kwano daga 1 ga Janairu 2009. Har labari ya zaga duniya na masu kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. Ko da an bi dokar sau da ƙafa, ba ta kai ga ɗan goye ba.

Sai dai babban canjin da ya shafi yaron da ya rayu ba a kan titi ya faru ba. Shirin ilimin firamare ga kowa na 1976 ya kai makaranta garuruwan da ba su da ita. Gandu ya riƙa watsewa, kowane saurayi na neman na kansa, ana tafiya ci-rani Sakkwato, Kano, Legas. Daga 2001 wayar salula ta shigo, daga baya lissafin kuɗi ya koma cikinta. Duk waɗannan suna neman abu ɗaya daga mutum: ya riƙe umarni a ka, ya tsara abin da zai yi kafin ya yi, ya danne zuciyarsa, ya karanci fuskar abokin ciniki. Aikin ɓangaren ƙwaƙwalwa na bayan goshi ke nan, kuma shi ne ke rigan sauran buguwa in kai ya daki ƙasa, shi ne kuma na ƙarshen nuna, don ba ya kammala girma sai mutum ya haura shekara 20. Ɗan shekara uku ba wanda ke neman tsari daga gare shi, saboda haka ba a ganin komai. Kamar ginin laka ne da ya tsage tun daga tushe aka shafe da yaɓe: ba za ka sani ba sai ranar da aka ɗora masa azara.

Gane wannan ya ɗauki masu bincike shekaru, domin ba shi da wata dabara sai haƙurin bin yara ɗaya bayan ɗaya har su girma. A birnin Melbon na Ostareliya, Vicki Anderson da abokan aikinta sun bi yaran da suka ji rauni suna tsakanin shekara 2 zuwa 7. A 2005 suka nuna cewa ƙananan da suka ji mummunan rauni sun fi manyan yara wahalar farfaɗo da basirarsu, akasin tsohuwar ƙa'ida. A 2012 suka ba da rahoton shekara goma bayan raunin: masu mummunan rauni har lokacin suna bayan sa'o'insu, amma ba su tsaya cik ba, suna ci gaba da koyo a nasu takun, masu ƙaramin rauni kuwa galibinsu sun cim ma sauran. A birnin Christchurch na Niyu Zilan, inda aka bi yara fiye da 1,200 da aka haifa a 1977, an ga cewa waɗanda buguwar kai ta kai su kwanciya asibiti kafin shekara biyar sun fi samun matsalar natsuwa da ta ɗabi'a lokacin balaga.

Ya kamata in faɗa a sarari, kada uwa ta karanta wannan ta kasa barci: yawancin faɗuwar yara, wadda aka yi kuka aka yi ƙululu aka koma wasa, ba ta barin komai. Wadda ake gudu ita ce wadda ta zo da suma, ko amai a kai a kai, ko jijjiga, ko barcin da ake tashin yaro da ƙyar, ko jini ko farin ruwa daga kunne ko hanci, ko maɗigar jariri ta kumbura. Waɗannan ba a kwana da su a gida.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai na jihar Ohayo ne a Amurka, na su Shari Wade, Gerry Taylor da Keith Yeates. Sun ɗauki yaran da suka ji rauni a kai suna tsakanin shekara 3 zuwa 7, suka gwada su da yaran da suka yi karaya kawai, suka bi su kusan shekara bakwai. Ba su tsaya ga jarrabawar basira ba. Sun duba yadda yaro ke tafiyar da harkarsa a gida, a makaranta, da cikin abokai. Abin da suka bayyana a 2016 shi ne cewa gidan da yaro ya koma yana da babban tasiri. Inda ake tsanani fiye da kima, ko inda aka sakar masa komai don tausayi, ko inda babu abin hannu, giɓin ya fi faɗi. Inda akwai kulawa da ƙa'ida mai taushi wadda ba ta canzawa, bambancin ya ragu ƙwarai.

Mu dawo gida mu ga yadda abin ke kasancewa. Ga yaro ɗan shekara tara, lafiya lau a ido, in ba ka shafa kansa ba ba za ka san akwai tabo ba. Uwarsa ta aike shi ya sayo gishiri da daddawa, ya biya ya karɓo niƙa. Ya dawo da gishiri kaɗai, canjin ma bai san inda ya bar shi ba. "Inna, na mance," in ji shi, kuma da gaske yake. A makarantar allo sa'o'insa sun wanke sun wuce, shi yana kan ayar da ya haddace jiya ta gudu yau. A firamare yana iya minti biyar yana sauraro, daga nan hayaniyar aji ta ɗauke shi. Wani ya taɓa shi da wasa, ya kai duka kafin ya yi tunani. Kowa na ba shi magani iri ɗaya, bulala, wadda ba ta ƙara masa komai sai tsoro da ƙiyayyar karatu. Uwar ce kaɗai wani lokaci ke cewa, "Malam, ba ƙiwuya ba ta, tun da jaki ya halbe shi shina ƙarami haka yake," kuma ba kasafai ake ɗaukar maganarta da nauyi ba.

Na yarinya ya fi ɓoyuwa, ya kuma fi ciwo. Tana gaban uwarta ana ce mata yi kaza, bari kaza, ba a lura ba. Ranar da aka kai ta ɗakinta aka bar ta da tukunya biyu a wuta, miya da tuwo, ga suruka, ga kishiya, ga cefanen da za ta lissafa, sai komai ya kwance. A ce ba ta da tarbiyya, a ce ƙazama ce, a ce ba ta jin magana. Aure ya mutu, na biyu ma haka, ta dawo gidan ubanta da yara da sunan da ba ta ci ba.

Abin da ke taimakon irin waɗannan yara ba shi da tsada, kuma wannan ne ke sa rashinsa ya fi ɓata rai. Aike ɗaya a lokaci ɗaya, ya maimaita da bakinsa kafin ya fita. Zama a sahun gaba kusa da malam. Gajeren darasi da hutu a tsakani, don ƙwaƙwalwar da ta taɓu tana saurin gajiya. Aikin gida a lokaci guda kullum har ya zama jiki. Sana'ar hannu wadda ake koya da maimaitawa, a gaban ubangida mai haƙuri wanda aka gaya wa gaskiya. In akwai farfaɗiya, maganin asibiti da ba a tsallake rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa in sun samu magani yadda ya dace, kafin nan kuma a nisanta su da murhu da bakin rijiya. Sakkwato na da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware da makarantar masu buƙata ta musamman ta Abdurrashid Adisa Raji, kuma a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya. Amma idonmu ya saba da naƙasar da ake gani, ta makaho da gurgu da kurma. Yaron da ke gudu da ƙafarsa yana magana da bakinsa ba ya shiga wannan lissafi, kuma masu gyaran magana da masu auna basirar yara kaɗan ne, a manyan birane suke.

Sai kuma abin da ya faɗo wa gabashin Sakkwato: hare-haren 'yan bindiga. Tun 2019 dubun dubatar mutane daga wannan yanki da maƙwabtansa suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi. A ƙarshen Mayun 2020 aka kashe mutane fiye da 60 a rana guda a ƙauyukan Sabon Birni. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. A Disambar shekarar aka ƙone matafiya a cikin mota a Gidan Bawa. Hanyar dajin Gundumi da ke kai mutanen Isa birni ta zama abin tsoro. Muna ƙirga waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace, kuma dole mu ƙirga su. Amma duk wanda ya san gudun dare ya san abin da ke faruwa da ƙananan yara a cikinsa: uwa na tuntuɓe da goyo cikin duhu, ana cusa mutum biyar a babur guda, ana jefa yaro ta kan danga don a tsira da shi. Yaron da ya suma a irin wannan dare ba a kai shi Sakkwato. A yayyafa masa ruwa, in ya motsa a gode wa Allah a ci gaba da gudu.

Nan ne abin ya ninku. Binciken Ohayo ya nuna cewa gida mai natsuwa da tsari na ɗaga yaron bayan rauni, kuma gidan ne aka fara rusawa. Uban ya rasu ko yana neman kuɗin fansa, uwar na kwana a ajin makaranta ko kangon wani a cikin gari, gonar da yaron zai samu gurbi a cikinta ba ta nomuwa. Ga yunwa da firgici, kowannensu shi kaɗai ya isa ya dagula natsuwar yaro, har ya zama da wuya a rarrabe abin da buguwa ta jawo da abin da ido ya gani.

Yaran da suke goye a daren Mayun 2020 yanzu sun kai shekarun allo da firamare, a Sabon Birni, a Isa, a Sakkwato, da garuruwan Maraɗi. Malamansu ne za su fara ganin wanda ba ya riƙe karatu da wanda ke kai hannu ba dalili. Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba. Ma'aikacin lafiya da ya ga yaro da rauni a kai ya rubuta ranar da tsawon suman a katin rigakafinsa, tunda shi ne takardar da uwa ta fi adanawa, ya kuma ce ta dawo da shi kafin a sa shi makaranta. Malami kuma, na allo ko na boko, kafin ya ɗaga bulala a karo na uku a kan yaro ɗaya, ya aika a kira uwar ya tambaye ta ko yaron ya taɓa buguwa a kai har ya suma, yana ɗan shekara nawa, kuma ya saurari amsarta har ƙarshe.